Sulken Ƙaramin Jirgi: Yadda Ake Zaɓen Fentin da Mai Ba Ya Ci

 Mas'alar da muka ɗauko muku yau ta shafi ƙananan jiragen sama, waɗanda mutum yake ƙerawa da hannunsa a kan teburi, ya ɗaura musu ɗan inji, ya kai su fili ya tashe su, ko dai yana sarrafa su daga ƙasa da na'urar rediyo, ko kuwa yana riƙe da su da siraran wayoyi suna kewaya shi. Wannan fanni ya daɗe da kafuwa a Ingila da Amurka da Jamus da Japan, har ma'abotansa suka kafa ƙungiyoyi masu dokoki da gasa, kamar wadda aka kafa a Ingila a 1922 da wadda aka kafa a Amurka a 1936. A nan wajenmu ma muna ganin samari masu hazaƙa sun fara sa hannu a ciki, abin da yake faranta mana rai ƙwarai da gaske. To, yau za mu tsaya ne a kan abin da galibin masu farawa suke ɗauka shi ne mafi sauƙi, alhali kuwa ta nan jirage da yawa suke lalacewa, wato fenti da rufin da ake yi wa jikin jirgi don kada man injinsa ya cinye shi.

Kafin mu ambaci sunan fenti ko guda, wajibi ne mu san abin da ake gudu. Ana gina galibin jiragen nan da wani katako da ake kira balsa, wanda mafi yawansa daga ƙasar Ikwado ta Kudancin Amurka yake fitowa, an kuwa zaɓe shi ne saboda da wuya a sami katakon kasuwa da ya fi shi sakayau. Amma falalar nan tasa ita ce aibinsa, gama abin da ya hana shi nauyi shi ne cikinsa duk ƙofofin iska ne, saboda haka yana shan mai kamar yadda soso yake shan ruwa. Shi kuwa ɗan injin da ake ɗaura masa ba shi da ma'ajin baƙin mai dabam irin na mota. Man da ke sa ƙarafansa su yi santsi a gauraye yake da wanda yake ƙonawa, har ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikin tanki, kuma da yake mafi yawan wannan kaso ba ya ƙonewa, sai ya fito ta salansa da zafinsa, iskar farfela ta watsa shi a gefen jirgi da ƙarƙashin fiffike har zuwa wutsiya. Ga kuma ɗanyen mai da yake zuba sa'ad da ake cika tanki. Muddin wannan mai ya sami kafa ya ratsa katako, katakon zai yi nauyi, ya yi taushi, manne kuma ya daina kama shi, har wata rana inji yana tsakiyar gudu allon da aka ɗaure shi a kai ya ɓalle, aikin watanni ya tafi a banza.

Magabata a wannan fanni ba su sha wannan wahala sosai ba, kuma sanin dalilin haka shi ne mabuɗin mas'alar duka. A zamanin da, injunan ƙananan jirage fetur suke sha, da fulogi mai tartsatsi kamar na babur, jikin jirgin kuwa akan rufe shi da takarda marar nauyi ko alharini, a shafe da wani ruwa da ake kira dof, wanda idan ya bushe yakan ja rufin ya ɗame, ya toshe ƙofofinsa. Irin wannan shafi ne ake yi wa manyan jirage masu rufin yadi, har da jiragen nan uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, waɗanda su ne farkon jiragen da suka taɓa sauka a birnin. Dof ɗin da masu ƙananan jirage suka saba da shi na naitiret ne, fetur kuma bai cika yi masa illa ba. Ana nan a haka, sai a 1947 wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ya fito da sabon fulogi mai ɗan siririn zare na ƙarfen filatinam, wanda da zarar an ɗora masa batir ya yi ja kamar garwashi inji ya tashi, sai a cire batir, zaren ya ci gaba da haskakawa da kansa saboda haɗuwarsa da tururin metanol. Wannan hikima ta raba ƙaramin jirgi da nauyin batir da kwayil, amma ta zo da sabon mai, sabon man kuwa ya narkar da tsohon shafi, jirage suka riƙa dawowa daga sama jikinsu yana danƙo, launi yana bin yatsa.

Abu uku ake haɗawa a yi man injin nan mai garwashi. Akwai metanol, wani nau'in sifirit, shi ne mafi rinjaye. Akwai man santsi, ko dai na masana'anta ko kuwa man zurma, ita zurman nan da ke tsirowa a bayan gidajenmu, wadda aka fifita manta domin yana jure zafin da wani mai ba ya jurewa. Sa'an nan akwai naitirometen, wanda ake sa wa kashi 5 zuwa 15 cikin 100 a jiragen yau da kullum, a kai shi kashi 30 ko fiye a na gasa da masu saukar ungulu, don ƙarin ƙarfi. Wannan na uku shi ne babban abokin gaba. Ya isa hujja a kan ƙarfinsa a ce da shi ake yin maganin da ke warware mannen nan mai kamawa nan take, wanda yake haɗe yatsun mutum. To, abin da ya iya warware wannan manne, ina ga fentin gwangwani? Saboda haka tambayar farko da mai ƙira zai yi wa kansa, tun bai je kasuwa ba, ita ce: wane mai injina yake sha, kuma naitirometen nawa ne a ciki? Amsar wannan tambaya ita ce take zaɓa masa fenti, launi kuwa daga baya yake zuwa.

Wanda injinsa fetur yake sha, lamarinsa da sauƙi, gama baƙin man da ake gauraya masa kaɗan ne, misalin kashi ɗaya cikin 30 zuwa ɗaya cikin 50, jikin jirgi ba ya jiƙewa sosai, kuma galibin fentin da aka yi domin mota an riga an yi shi yadda zai jure ɗigon fetur. Haka nan wanda ya mallaki ɗan injin dizal irin wanda Turawan Ingila suke ƙauna, mai shan kananzir da man zurma da eta, wato ruwan nan da likitoci suke sa majiyyaci barci da shi a da, shi ma tsohon dof yana iya yi masa hidima. Wanda kuwa jirginsa da batir yake tashi, babu ruwansa da wannan mas'ala, sai dai mu yi masa gargaɗi guda: idan jikin jirgin na kumfa ne, irin farin nan da ake tallafe kayan lantarki da shi a cikin kwali, kada ya kusantar da tina ko fetur ko fentin feshi mai ƙarfin wari gare shi, domin narkewa zai yi a gaban idonsa, fenti mai ruwa shi ne nasa.

Yanzu kuma mun iso ga masu inji mai garwashi, waɗanda su ne mas'alar ta fi tsananta a kansu.

Maganin farko da aka samo musu shi ne wani dof dabam, na biyutiret, wanda kamfanoni irin su Sig da Brodak na Amurka suka shahara da sayarwa. Fa'idojinsa ba kaɗan ba ne: ba shi da nauyi, yana bushewa da wuri, idan jirgi ya yage ana iya yin faci sabon shafi ya narke cikin tsoho har ba a gane wurin, kuma bai kai na naitiret saurin kama wuta ba. Amma yana da iyaka, galibin ma'abota fannin kuwa sun tafi a kan cewa juriyarsa ba ta wuce man da naitirometen ɗinsa yake kashi 10 zuwa 15 cikin 100, shi ma da sharaɗin a goge ɗanyen mai nan da nan idan ya zuba. Yana da wata ɗabi'a kuma, ita ce ci gaba da jan rufi wata da watanni bayan an gama aiki, har ya iya karkatar da fiffike idan ƙirarsa ba ta da ƙwari. Akwai ƙa'ida da ba a saɓa mata a nan: ana shafa na naitiret a ƙasa, domin ya fi kama katako da yadi, a bi shi da na biyutiret a sama, wanda ya juya wannan tsari bai tsare jirginsa daga mai ba, shafin kuma ba zai zauna lafiya ba.

Wanda yake son tsaro da ya fi wannan, sai ya nufi fenti mai gwangwani biyu, wato wanda ba ya taurara sai an gauraya shi da abokinsa bisa awon da masu yin sa suka rubuta. Sirrinsa shi ne, dof bushewa kawai yake yi, ruwan da ya narkar da shi ya tashi ya bar shi, don haka duk wani ruwa mai ƙarfi yana iya sake narkar da shi. Shi kuwa mai gwangwani biyu, ɓangarorinsa ƙulluwa suke yi da juna su zama wani abu sabo wanda ba ya komawa ruwa. Iri biyu ne suka fi shahara. Na ifoksi, kamar wanda ake sayarwa da sunan Klass Kote, yana jure mai matuƙa, ana iya shafa shi da buroshi ko a fesa, aibinsa shi ne rana tana sa farinsa ya koma rawaya a hankali. Na foliyuretan kuwa shi ne wanda masu fentin motoci suke fesawa a ƙarshe don ƙyalli, yana jure rana da mai gaba ɗaya, kuma shi ne ya fi sauƙin samu a garuruwanmu, tun da babu babban garin da ba a fentin mota. A ganina, wanda yake zaune a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ya fi masa maslaha ya shirya jikin jirginsa sarai, ya sa launinsa, sa'an nan ya kai wa amintaccen mai fentin mota ya fesa masa siririn shafi guda, da ya zauna jiran gwangwanin da zai zo daga ƙetare. Sai dai a ja kunnen mai fentin, domin hannunsa ya saba da ƙarfe wanda ba ya ƙin kauri, jirgi kuwa kowane giram yana da hisabi, musamman a wajen wutsiya, inda nauyi kaɗan yake tilasta a ƙara ninkinsa biyu ko uku a hanci kafin jirgi ya daidaita.

Game da fentin mai na gwangwani ɗaya, irin na ƙofofi da tagogi, da banis na kafintoci, akwai saɓani tsakanin masu aikin, wasu suna yabawa wasu suna kushewa, kuma asalin saɓanin shi ne haƙuri. Irin wannan fenti yakan bushe a taɓawa cikin yini guda, amma cikinsa ba ya ƙosawa sai bayan makonni, domin da iska yake taurara sannu a hankali. Wanda ya ba shi wata guda yana iya samun biyan bukata da mai marar ƙarfi, wanda ya tashi jirgi bayan kwana uku kuwa zai ce fentin banza ne. Ba na ba da shawararsa ga man da naitirometen ɗinsa yake da yawa.

Akwai kuma hanyar da ta raba mutane da buroshi ɗungum, ita ce ledar rufi da ake liƙawa da ɗan dutsen guga, wadda kamfanin Top Flite ya fito da ita a 1966 da sunan MonoKote, daga bisani wasu suka biyo, kamar Oracover ta Jamus. Launi da manne duk suna ƙarƙashinta, mai kuma ba ya ratsa fuskarta ko kaɗan. Rauninta yana bakin gaɓa, inda falle ya hau kan falle. Shi ya sa ake fara rufi daga ƙasa zuwa sama, daga wutsiya zuwa hanci, don kowane baki ya fuskanci baya, iska ta riƙa kwantar da shi maimakon ta cusa masa mai.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya riƙe ko da ya manta da sauran. Duk abin da muka ambata ya shafi zahirin jirgi ne, halaka kuwa daga baɗini take farowa, daga wuraren da ido ba ya gani: allon da ake ɗaure inji, da ɗakin da tanki yake kwance, da ramukan da tiyo da kusoshi suke bi, da mazaunin fiffike, da inda ƙafafu suke shiga jiki. Tsare waɗannan wurare shi ne farilla, ƙawata waje nafila ce. Yadda ake yi kuwa babu wuya: a sami mannen ifoksi mai jinkirin kamawa, irin na minti 30, domin na minti 5 yakan daskare tun bai ratsa katako ba, a gauraya shi daidai, a tsinka shi da sifirit kaɗan har ya bi buroshi, a shafe waɗannan wurare tun jirgi yana tsirara, a zura ɗan tsinke mai auduga cikin kowane rami, sa'an nan bayan an yi rufi a sake bin bakin rufin da ya naɗo kan allon inji a toshe shi. Aikin sa'a guda ne, amma ba ya yiwuwa sai kafin mai ya taɓa katako. Wanda ya makara, abin da ya rage masa shi ne ya kwaɓa sitaci ko hoda da sifirit ya shafa, ya bar shi ya bushe ya zuƙo man, ya kakkaɓe, ya maimaita sau da yawa, kuma duk da haka sau tari ƙarshenta sai an yanke wurin an sa sabon katako.

Haɗa fenti daban-daban a jiki ɗaya shi ma yana da hukunci. Wanda tinarsa take da zafi, kamar dof, a ƙasa yake zama. Idan aka ɗora shi a kan fentin mai sai na ƙasan ya tattare ya yi yamutse. Idan kuma za a rufe dof da mai gwangwani biyu, a dakata har warinsa ya gushe sarai, don kada tururin da ya rage ya tayar da ƙuraje a ƙarƙashi. Tun da kuwa kamfanoni suna sauya haɗinsu, abin da aka rubuta a gwangwani bai wadatar ba, sai an jarraba. A ɗauki guntun balsa, a goge shi da samfefa, a yi masa duk abin da za a yi wa jirgi, shafi bayan shafi, a ba shi kwanakin da za a ba jirgin, sa'an nan a ɗiga masa ɗanyen man da za a yi aiki da shi, a bar shi minti biyar, a goge da farin ƙyalle. Idan launi ya biyo ƙyalle, ko wurin ya dushe, ko ya yi danƙo, an sami amsa a kan guntun katako, jirgi yana nan lafiya.

Yanayin ƙasarmu ma yana da ta cewa. Da damina, raɓar da ke cikin iska takan sa dof ya yi fari-fari kamar hazo ya kwanta a kansa, don haka a zaɓi rana mai haske, a guji sassafe da bayan ruwa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, sai a yayyafa ruwa a daɓen wurin aiki kafin a fara. Da bazara kuwa zafi yana gaggauta kamawar ifoksi, saboda haka a riƙa gauraya kaɗan kaɗan.

Ba zan rufe ba sai na yi magana a kan lafiya, domin jiki amana ne. Metanol guba ne, shan kaɗan daga cikinsa yana makantarwa ko ya kashe, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Kada a zuba shi a kwalbar lemo, kada a ajiye shi inda yara za su kai. Dof na naitiret yana kama wuta cikin ƙiftawar ido, kada a buɗe shi kusa da murhu ko fitila ko mai shan taba. Fentin mota mai gwangwani biyu kuwa yana ɗauke da sinadarin da shaƙar feshinsa take jawo ciwon asma wanda yake iya zame wa mutum na har abada, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, sai takunkumin da aka yi musamman domin wannan aiki, a wuri mai wadatar iska; yaro bai kamata ya fesa shi ba ko kusa. Bayan kowane tashi kuma a wanke jikin jirgi da ruwan sabulu kaɗan a ƙyalle, tun man bai kwana a kai ba.

Muna kira ga iyaye da malaman makaranta da iyayen gida masu garejin fenti, idan yaro ya zo muku da ɗan jirgin da ya ƙera, ku zauna da shi, ku tambaye shi man da injinsa yake sha, ku taimake shi ya toshe cikin jirgin kafin ya ƙawata wajensa, ku kuma tsaya a kansa lokacin da zai taɓa waɗannan sinadarai.